Yadda Ake Gano Abin da Ya Sa Hoto Bai Fito Daidai a Wajen Bugu Ba

Duk wanda yake harkar zane a kwamfuta a Nima, Mamobi ko Sabon Zango, yana kai aikinsa shagunan bugu na Accra New Town, ya san damuwar nan. A allon kwamfuta aiki ya yi kyau, amma da ya fito daga inji sai ka ga fuskar amarya ta yi dishi-dishi, ko katin ya ragu, ko an yanke rabin lambar waya. Mai zane ya ce laifin inji ne, mai inji ya ce laifin fayil ne, takarda da tawada kuwa sun riga sun tafi. Mafi yawan wannan rigima lissafi ne kawai, kuma rula ta ɗalibin firamare ta isa ta raba gardamar.

Kafin matakan, akwai abu ɗaya da ya kamata ya zauna a kai. Hoton da ke cikin waya ko kwamfuta ba shi da santimita. Abin da yake da shi shi ne ɗigo-ɗigon da ake kira fiksil, kaza a faɗi, kaza a tsawo. Kamar olonka ɗaya na gero ne: a faranti ya rufe ko'ina, a tabarma sai ka riƙa hango ƙasa. DPI ɗin da ake ta ambato yana nufin fiksil nawa za a cusa a cikin inci ɗaya na takarda. Inci ɗaya kuwa santimita 2.54 ne.

Mataki na farko: ka tambayi girman aikin, da ma'auninsa

Kada ka buɗe manhaja sai ka san girman da aikin zai fito. A Ghana takardar ofis da ta fosta da milimita ake auna su: A5 ita ce 148 da 210, A4 ita ce 210 da 297, A3 kuma 297 da 420. Banna, wato ƙyallen sanarwa na maulidi, na walima ko na siyasa, da ƙafa ake cinikinta. Hoton firem kuma da inci, irin su 8 da 10. Ma'auni uku ke nan a shago ɗaya. Idan Alhaji ya ce "takwas da huɗu nake so", ka ce masa, "Ranka ya daɗe, ƙafa takwas a kwance ne ko a tsaye?" Wannan tambayar ba ta cin komai, rashinta kuwa yana cin banna guda.

Bayan haka ka saita ma'aunin a manhajar. A CorelDRAW, idan ba ka zaɓi komai a shafi ba, za ka ga wurin Units a sandar sama. A Photoshop ka danna Ctrl da R rula ta fito, sannan ka danna mata maɓallin dama ka zaɓi ma'auni. A Inkscape yana cikin Document Properties. Ka duba da idonka, domin akwai wanda yake rubuta 21 da 29.7 alhali manhajar tana kan inci, ya ƙare da shafin da ya ninka A4 sau biyu da rabi ta kowane ɓangare.

Mataki na biyu: ka ƙirga fiksil ɗin hoton

Nan ne aikin yake, don haka zan ɗan tsaya. Abin da ake riƙewa a hannu, kamar katin gayyata, kalanda ko ɗan littafi, yana son fiksil 300 a kowane inci. Ka ɗauki faɗin hoton ka raba da 300, zai ba ka iyakar incin da zai kai yana da kyau. Hoton wayar da ke da fiksil 4000 da 3000 zai ba ka inci 13.3 da 10, wato kusan santimita 34 da 25. Ya cika A4 har da saura. A kan A3 zai sauko zuwa wajen 240, kuma wannan ba laifi ga fostar da za a manna a bango.

Matsalar ita ce ba kasafai hoton yake isowa a haka ba. Hajiya za ta shigo shago da wayarta, ta ce ga hoton ɗiyarta na biki, a sa a fosta. Ka duba sai ka ga dogon gefensa bai wuce 1600 ba, domin ya bi ta WhatsApp, kuma WhatsApp yana rage hoto idan an tura shi ta hanyar da aka saba. Wani lokacin ma ba hoton ba ne, ɗaukar allo ce daga sitatus ɗin ƙanwar ango. Fiksil 1600 a kan 300 santimita 13.5 ne kacal. Idan ka ja shi ya cika A3, ya koma 97 a inci, kuma leshin da aka kashe wa kuɗi zai fito kamar an shafa masa ruwa. Abin da za ka ce shi ne: "Hajiya, don Allah a nemo mai hoton da ya ɗauka, ya turo ainihinsa a matsayin Document, ba a matsayin hoto ba." Za ta iya cewa ai a wayarta yana da kyau. Gaskiyarta ce, domin allon waya bai fi tafin hannu ba. Ka buɗe mata shi a kwamfuta, ka kusanto da ido da gefen ɗankwali, ta ga murabba'an da kanta. Na fi son a ɓata minti goma a nan da a ɓata ran mutum ranar bikinsa.

Akwai wata dabara da yara masu koyo suke yi da ya kamata a hana su. Sukan shiga Image Size a Photoshop, su ga an rubuta 72, su goge su rubuta 300, su ce an gyara. Idan akwatin Resample yana da alama, abin da Photoshop ya yi shi ne ƙirƙiro fiksil na cike gurbi: fayil ya yi nauyi, hoto bai ƙaru da komai ba. Ka cire alamar Resample tukuna, sannan ka rubuta 300. Za ka ga adadin fiksil bai motsa ba, santimita ne ya sauko, kuma wannan sabon santimitan shi ne gaskiyar girman hoton. A CorelDRAW ya fi sauƙi: danna hoton, ka dubi sandar ƙasa, za ta nuna maka DPI ɗinsa a girman da ka ja shi. Kana ƙara ja, lambar tana raguwa.

Tsohon hoto na takarda, irin wanda ake kawowa don fostar addu'ar mamaci, a wajen sikanin ake cin nasara ko a faɗi. Hoto mai santimita 9 da 13 da za a mayar A3 zai ninku fiye da sau uku. Idan ka yi sikanin a kan 300, zai ƙare ƙasa da 100. Ka yi a kan 1200, ko aƙalla 600, kuma ka goge gilashin na'urar kafin ka ɗora, domin ƙurar hunturu ma tare da hoton take girma.

Mataki na uku: banna ba ta bukatar 300

Wasu sun ji an ce 300, sai suka ɗauka doka ce ga kowane aiki. Banna mai ƙafa 8 da 4 inci 96 da 48 ce. A kan 300 za ta zama fiksil 28,800 da 14,400, fayil ɗin da zai haura gigabait ɗaya, ya daskarar da kwamfuta. Mai kallon banna daga tsallaken titi yake kallo, don haka 100 zuwa 150 ya wadatar, kuma babban allo na bakin hanya ƙasa da haka ma yana yi. A kan 100, fiksil 9600 da 4800 ne.

Idan za ka yi zanen a ƙanƙance, misali kashi ɗaya cikin goma, ka tuna DPI ɗin ma za a raba shi da goma idan an buɗa. Hoton da ya nuna 300 a ƙaramin shafi 30 ne a bannar gaske. Ka rubuta girman ƙarshe a sunan fayil, ka kuma faɗa wa mai inji baki da baki.

Mataki na huɗu: ka bar wa wuƙa rabonta

Injin yanka ba ya sauka daidai kan layi a kowane karo. Ka ƙara milimita 3 a kowane gefe, launi da hoton baya su malala har can. Katin A5 sai ya zama 154 da 216. Rubutu kuma ka ja shi ciki da kamar milimita 5 daga inda za a yanka. A banna ka bar fili mai yawa, saboda naɗin baki da zoben da za a zura igiya.

Mataki na biyar: rubutu da launi

Mu a zango aikinmu yana cakuɗe da Larabci da Hausa. Idan kwamfutar mai inji ba ta da salon haruffan da ka yi amfani da shi, ɗ da ƙ da ɓ za su iya komawa akwatuna, Larabci kuma ya rarrabe ko ya juya. Aya ko addu'a ta fito a hargitse a katin mutane ba ƙaramin abu ba ne. Ka mayar da rubutun ya zama zane kafin ka tura: Ctrl da Q a CorelDRAW, Ctrl da Shift da O a Illustrator. Ka ajiye kwafin da ba a mayar ba, don gyaran gobe. Kuma ka ba malamin da ya san Larabci ya karanta kafin a buga.

Launi kuma, allo da haske yake aiki, wato RGB, inji da tawada huɗu, wato CMYK. Kore mai walƙiya da shuɗi mai ƙarfi sukan dushe a takarda. Ka mayar da aikin CMYK tun farko ka ga abin da zai fito. Ƙananan rubutu baƙi ka sa shi K 100 kaɗai, wato baƙar tawada zalla, kada ka haɗa tawada huɗu. Sai ka fitar da PDF. Mai amfani da Canva ya zaɓi PDF Print, ya sa alamar yanka da malalar gefe.

Mataki na shida: ka buga gwaji, ka ɗauko rula

A gefen shafin gwaji ka zana murabba'i mai santimita 10 da 10. Wajen bugawa ka zaɓi Actual size ko 100%, ka guji Fit, ka tabbatar takardar da aka zaɓa a firinta A4 ce. Idan ya fito, ka auna. Lambar da rula ta ba ka ita za ta tona asirin mai laifi.

Idan ka samu wajen 9.6 ko 9.7, to Fit ne ya matse shafin don ya kauce wa gefen da firinta ba ta iya bugawa. Idan 9.4 ne, firintar tana kan Letter, takardar Amurka mai inci 8.5 da 11, wadda ta fi A4 gajarta. Wannan ya zama ruwan dare a wurinmu, domin kwamfutoci da firintoci da yawa na hannu ne, da saitinsu na can suka iso. Idan 7.1 ne ko 14.1, an tsallaka daga wani girman A zuwa na kusa da shi, kamar A4 zuwa A5 ko A3.

Idan kuwa 7.5 ka gani ko 13.3, to aikin ya ratsa manhajoji biyu da suka saɓa a ƙidaya. Illustrator yana ɗaukar fiksil 72 a matsayin inci, Inkscape kuma 96. Fayil ɗin SVG, wato irin wanda Inkscape yake ajiye zane a ciki, da aka auna da fiksil yakan canza girma tsakaninsu. Inkscape ma da can 90 yake amfani da shi, sai a fitowar 0.92 ta shekarar 2017 ya koma 96, shi ya sa tsofaffin fayiloli suke tambayarka idan ka buɗe su. Maganin shi ne ka yi aikin da milimita, ka miƙa shi a PDF. Masu yankan sitika da masu rubutu a riga su suka fi shan wannan wahalar.

Idan abin ya ninku sau biyu da rabi, inci da santimita ne suka rikice. Idan ya haura ninki huɗu, ko ya koma ƙasa da kwata, hoto mai alamar 72 ne aka karanta a matsayin 300, ko akasin haka.

Hoton fasfo da na takardun tafiya nan ne milimita ɗaya take da daraja. Mai milimita 35 da 45 fiksil 413 da 531 ne a kan 300. Na bizar Amurka inci 2 da 2 ne, wato 600 da 600. Kada ka buga su da manhajar kallon hoto ta Windows alhali akwatin cika firem yana da alama, domin za ta yanke gefe ta canza girman kai. Ka jera su a shafi mai girman takardar hoton, ka buga a 100%, ka auna ɗaya kafin ka yanka.

Banna ba ta shiga firintar tebur, amma ana iya gwada ta. Ka yanko yankin fuska daga zanen a ainihin girmansa, ka buga shi a A4, ka manna a bango, ka ja da baya zuwa nisan da masu wucewa za su tsaya. Idan ido da baki sun fito sarai daga can, ka tura aikin. Idan ba su fito ba, ka rage girman hoton a cikin zanen ka ba rubutu fili, ko ka koma wurin mai aikin a nemo wani hoton.