Yadda Basakkwace zai tsara kwana uku a ƙauyen Saint-Cirq-Lapopie na Faransa

Mutanenmu da yawa in sun je Faransa, Faris kawai suke gani su juyo. Amma wanda ya samu rarar kwana uku bayan taro ko karatu, muna ba shi shawara ya gangara kudu maso yamma, yankin Lot, ya sauka wani ƙauye da ake rubutawa Saint-Cirq-Lapopie, ana furta shi "San-Sir Lapopi". Mazaunansa ba su wuce ɗari biyu da wani abu ba. An gina shi a kan tsaunin da ya ɗaga kusan mita 100 sama da kogin Lot, kuma a 2012 masu kallon talabijin a ƙasar suka zaɓe shi ƙauyen da suka fi so. Wuri ne da ake ci da ƙafa, a tsanake. Wanda ya zo da gaggawa zai ɗauki hoto biyu ya tafi bai ga komai ba.

Daga Sakkwato sai an bi ta Abuja, a can ake neman bizar Shengen ta shiga Faransa da maƙwabtanta, kuma ba ta fita sai da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Daga Faris, jirgin ƙasa yana tashi a tashar Austerlitz zuwa Cahors, tafiyar awa biyar da ɗoriya. Harafin ƙarshe na sunan garin Cahors ba ya fita a baki, "Ka'or" za ku ce, in ba haka ba mai sayar da tikiti zai yi ta kallonku. Daga Cahors saura kilomita 30 gabas. Akwai bas, sai dai ba ya yawan zirga-zirga, musamman ranar Lahadi, don haka hayar mota ta fi. Hannun dama suke tuƙi kamar mu, mafi yawan motocin haya masu giyar hannu ne, hanyar bakin kogi kuma siririya ce mai lanƙwasa, tana ratsa ramukan dutse. Baƙo ba ya shiga ƙauyen da mota. Akwai wuraren ajiya na biya a wajen gari.

Ku je a Mayu, Yuni ko Satumba. Yuli da Agusta lokacin hutunsu ne, lungunan ƙauyen kan cika har kafaɗa na gugar kafaɗa, kuɗin masauki ya hau.

Ranar farko, kada ku fara da ƙauyen. Ku ajiye mota a Bouziès, wani ƙauye a bakin kogin Lot, da misalin takwas na safe ku kama hanyar bakin kogi zuwa Saint-Cirq, kusan kilomita 5, tafiyar awa ɗaya da rabi. A tsakiyar ƙarni na 19 aka sassaƙe wani sashen hanyar a jikin tsaunin, domin masu jan jiragen dakon kaya da igiya su samu wurin bi. Dutse a saman kai, ruwa a gefen ƙafa, babu shinge, saboda haka a riƙe hannun yara. A bangon akwai zanen sassaƙa da wani masassaƙi, Daniel Monnier, ya yi. Hanyar a miƙe take sai ƙarshenta, inda hawa mai tsauri yake jira. Nan ne mutumin fili irin namu yake gane cewa jure zafin Afrilu daban, jure hawan dutse daban. Takalmin fata mai santsin ƙasa, irin wanda muke sawa da babbar riga, shi ne babban abin da ke kayar da mutane a duwatsun daɓen da ƙafa ta goge shekara ɗaruruwa. A sa kambas mai riƙo, a ɗauki ruwa lita ɗaya da rabi kowane mutum.

Alamun hanya fenti ne a jikin itace ko dutse. Fari da ja na nufin doguwar hanya mai ratsa ƙasa, rawaya gajeriyar kewaye. In fentin ya zama gicciye kamar X, kun kauce, ku koma baya.

A cikin ƙauyen, ku hau kufan tsohuwar ganuwa da ke can ƙololuwa. Gidaje uku na masu sarauta, Lapopie da Gourdon da Cardaillac, suka raba mulkin wurin a zamanin da, kuma daga saman za ku fahimci dalili: duk jirgin da ya bi kogin yana ƙarƙashin idonsu. Wanda ya taɓa tsayawa a ganuwar Surame ya san wannan dabarar. Ƙasa da nan akwai babbar majami'a ta ƙarni na 16, da gidajen dutse da katako masu jan rufi mai tsini. Garin ya yi suna da masu sassaƙar katako da ke yin famfon ganga. Marubuci André Breton ma ya mallaki gida a nan tun farkon shekarun 1950.

Rana ta biyu ta kogon Pech Merle ce, a Cabrerets, kilomita goma da 'yan kai daga ƙauyen. A 1922 wasu samari suka gano zane-zanen da ke ciki, aka buɗe wa jama'a a 1926. Abin da ya bambanta shi da Lascaux, wani sanannen kogon zane-zane a Faransa, shi ne a nan ainihin zanen ake gani, ba kwafi ba: dawakai biyu masu ɗigo-ɗigo da aka ƙiyasta sun kai shekara 29,000, giwaye masu gashi, tafukan hannu da aka fesa wa launi a kewaye, har da sawun ƙafar yaro da ya daskare a laka. Numfashin mutane da ɗumin jikinsu suna lalata zanen, shi ya sa ba a wuce mutum 700 a rana, rukuni-rukuni tare da jagora, kuma ba a ɗaukar hoto. Ku sayi tikiti ta intanet tun kafin ku baro gida. Wanda ya zo bakin ƙofa da rani yana neman shiga nan take, galibi hannu rabbana zai koma. Sanyin ciki digiri 12 ne rani da damina, kamar asubahin hunturu mai tsanani, ga danshi da matakala masu santsi. Ko waje na ƙuna, ku riƙo rigar sanyi.

Da yamma ku zaga tudun farar ƙasa da ke sama, cikin gandun Causses du Quercy. Za ku ga bukkokin makiyaya da aka jera da dutse zalla ba laka ba siminti. In dare ya yi, sararin yankin yana cikin mafi duhu a Faransa, taurari kamar a rugar Fulani. Bayan duk yawo cikin ciyawa a duba jiki, domin kaskar can tana ɗauke da cutar Lyme. A cire ta da ɗan ƙugiyar da ake sayarwa a kantin magani, kada a matse cikinta.

Rana ta uku kwalekwale a kogin Célé, wanda ke zubawa cikin Lot kusa da Bouziès. Masu haya suna ba da rigar ruwa da ganga mai murfi ta ajiye waya da fasfo, su kuma ɗauko ku a inda kuka tsaya. Sharaɗinsu shi ne a iya iyo mita 25, kuma ba wasa suke ba. Wanda bai taɓa shiga ko Gulbin Rima ba, gara ya hau jirgin yawo daga Bouziès. A kwalekwale, mai nauyi ko gwani ke zama baya, shi ke juya akala. Kwalekwale yakan kife ne in ya karkace gefe ya jingina da dutse ko madatsa, mutane kuma suka karkata baya maimakon su jingina wajen dutsen. A ƙarshen bazararsu ruwan kan ja baya har sai an sauka an tura.

Maganar abinci da salla tana son shiri. Gidajen abinci suna hidima daga 12 zuwa 2, sai kuma 7 na yamma, tsakani babu wuta a murhu. Girkin yankin agwagwa ne da alade da giya, nama halal ba a ƙauye ake samunsa ba, sai a nema a Cahors. Kasuwar Cahors na ci Laraba da Asabar da safe: ku sayi burodi, cukwin akuya na Rocamadour, tumatir da 'ya'yan itace. Tunda kun shigo, ku taka gadar Valentré mai hasumiya uku, wadda aka fara ginawa a 1308. Alƙibla a can gabas maso kudu ce, ba gabas maso arewa irin ta Sakkwato ba. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi, don haka kada ku dogara da idon da ya saba da magaribar ƙarfe bakwai, ku saita manhajar lokutan salla a kan Cahors. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonsu ya fi namu da awa ɗaya. Lambar gaggawa 112 ce.