Yadda Ake Magance Ƙwayar Cutar Gyambon Ciki Ba Tare Da An Cutar Da Hanta Ba

Akwai mutanen da suka shekara biyar ko goma suna fama da zafi a ƙahon zuci, da ƙwannafi, da kumburin ciki bayan cin abinci, alhali duk abin da suka sani game da ciwon shi ne sunan da mai kemis ya ba shi, wato olsa. Idan ya motsa sai a sayo farin ruwan magani ko omeprazole, wani ma ya jiƙa kanwa ya sha, ciwon ya lafa kwana biyu sannan ya dawo. Gyambon ciki na gaskiya, mafi yawansa abu biyu ne ke kawo shi: bakteriyar da ake kira Helicobacter pylori, da kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin. Yunwa da yaji suna iya tsananta zafin, amma ba su ne tushensa ba. An bar sunayen yawancin magunguna a nan yadda ake rubuta su a jikin kwali, domin mai karatu ya gane su idan ya gani.

Likitoci biyu ne a birnin Perth na ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka raini wannan ƙwayar cuta ta Helicobacter pylori a ɗakin gwaji a shekarar 1982, lokacin da ake ganin babu abin da zai iya rayuwa a cikin asid ɗin tumbi. Da aka ƙi yarda da su, sai Marshall ya sha ruwan da ke ɗauke da ita a 1984, tumbinsa ya kumbura cikin ’yan kwanaki, kuma a 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Dabarar ƙwayar ita ce tana samar da amoniya a kewayenta, wadda ke dakushe kaifin asid, sannan ta kutsa cikin majinar da ke lulluɓe da bangon tumbi ta zauna. Garkuwar jiki tana ganinta, tana kuma tura mata dakaru, sai dai ba ta iya fitar da ita, don haka faɗan yakan ɗauki shekaru, kuma bangon tumbi shi ne filin dagar da ke shan ɓarna. Wannan daɗaɗɗen kumburi shi ke zama gyambo a jikin wasu, a jikin ’yan kaɗan kuma ya zama sankarar tumbi, abin da ya sa tun 1994 aka sanya ƙwayar cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon daji.

Dalilin shigo da hanta cikin maganar shi ne, jinin da ya taso daga tumbi da hanji ba ya wucewa zuciya kai tsaye, sai ya bi ta wata babbar jijiya ya shiga hanta tukuna, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da hanta ke samu ta nan yake zuwa. A cikin hanta akwai ƙwayoyin garkuwa da ke zaune a bakin hanyoyin jini suna cafke bakteriya da gubar da ta sulalo daga hanji. Muddin hanta na da lafiya, wannan tacewa tana gudana ba tare da mutum ya sani ba. Idan kuwa ta yi tabo ta taurare, jinin kan kauce mata ta wasu ƙananan jijiyoyi, gubar ta wuce ba a tace ba, gyambon da zai yi wa mai lafiya sauƙi kuma ya zama mai zubar da jinin da ke da wuyar tsayarwa, domin hanta ce ke haɗa sinadaran da ke daskarar da jini. Helicobacter pylori ba ita ke kawo ciwon hanta na B ko na C ba, waɗannan bairos ne, amma a ƙasashenmu ba abin mamaki ba ne a samu mutum ɗaya yana ɗauke da duka biyun bai sani ba.

Matakin farko shi ne gwaji, kuma a nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Gwajin da aka fi yi a ƙananan ɗakunan awo shi ne na ɗigon jini, wanda ke nuna cewa garkuwar jiki ta taɓa haɗuwa da ƙwayar, amma ba ya bambanta wanda ke ɗauke da ita yanzu da wanda aka riga aka warkar. Ganin sawun kura a bakin garke bai nuna tana ciki har yanzu ba. Abin da ya kamata a nema shi ne gwajin bahaya, ko gwajin numfashi inda ake ba mutum wani ruwa ya sha sannan ya hura iska a cikin jaka. Kafin ɗayansu, wajibi ne a dakatar da omeprazole da danginsa masu rage asid na mako biyu, a kuma tabbatar an yi mako huɗu ba a sha antibayotik ko maganin ciki mai suna bismuth ba, domin suna rage yawan ƙwayar har gwaji ya nuna babu alhali tana nan. Wanda ya yi aman jini, ko amai mai baƙi-baƙi, ko baƙin bahaya mai danƙo da wari kamar kwalta, ko yake ramewa ba dalili, ko haɗiya take yi masa wuya, shi ba jiran mako biyu ne nasa ba. Asibiti zai tafi a ranar, kuma mai yiwuwa a leƙa cikinsa da na’urar da ake zurawa ta baki.

Mataki na biyu, wanda a ganina shi aka fi tsallakewa, shi ne a duba hanta kafin a fara magani. A roƙi likita ya haɗa da gwajin HBsAg na ciwon hanta na B, da gwajin na C, da awon ALT da AST masu nuna ko hanta ta ji rauni, da ƙidayar ƙwayoyin jini, sannan hoton ciki idan ya ga da buƙata. Magungunan da ke kashe Helicobacter pylori, musamman metronidazole da clarithromycin, hanta ce ke sarrafa su, kuma idan ta yi rauni sosai akan rage adadin wasu ko a canja su. A gaya wa likita gaskiyar duk abin da ake sha, har da jiƙo da tsimi da sassaƙe da garin maganin da aka saya a tasha, a kuma faɗa masa idan akwai juna biyu ko idan penicillin ya taɓa tayar wa mutum da ƙuraje.

Idan gwajin na B ya nuna akwai, yana da kyau a fahimci cewa a nan ma garkuwar jiki ce ke yin mafi yawan ɓarnar, saboda ita ke kai hari kan ƙwayoyin hantar da bairos ya shiga, kowane hari kuma yana barin tabo. Don haka kwalaben da ake tallatawa da sunan ƙara ƙarfin garkuwa ko wanke hanta ba su da wani gurbi a wannan magani, wasunsu ma su ne ke ƙarasa hantar. Abin da ke aiki shi ne maganin da ke danne bairos ɗin, kamar tenofovir ko entecavir, ƙwaya ɗaya a yini, ga wanda likita ya ga ya cancanta. Wanda ya fara kada ya daina da kansa don ya ji sauƙi, domin bairos ɗin kan yunƙuro da ƙarfi, garkuwa ta mayar da martani, hanta ta kumbura har ta gaza. Na C kuwa ana warkar da shi gaba ɗaya da ƙwayoyin da ake sha na kimanin mako 12.

Mataki na uku shi ne shan maganin yadda aka tsara shi. Ba a kashe wannan ƙwaya da magani guda. Ana haɗa mai rage asid da antibayotik biyu, wani lokaci a ƙara da bismuth, a sha kwana 14 a jere. Haɗin da aka daɗe ana bayarwa shi ne omeprazole da amoxicillin da clarithromycin, amma a wurare da dama ƙwayar ta daina jin clarithromycin, shi ya sa likitoci ke komawa ga haɗin guda huɗu na omeprazole da bismuth da tetracycline da metronidazole. Wannan haɗi ya fi ƙwaya goma a yini, don haka a samu takarda a zana kwanaki 14 da lokutan sha, a manna ta a bango kusa da randa ko inda ake ajiye ruwan sha, duk wanda aka haɗiye a soke shi da biro. Mai rage asid ana shansa rabin awa kafin abinci, safe da yamma. Tetracycline kuwa ba ya shiri da madara da nono da kanwa da farin ruwan maganin olsa da ƙwayar ƙarin jini, domin suna riƙe shi a hanji ya fita bai yi aiki ba, saboda haka mai shan fura da nono ya bar tazarar aƙalla awa biyu tsakaninsu. Wanda ba a cikin gaggawa yake ba, gara ya tsara da likita ya gama kafin azumi ko ya fara bayan salla, tun da maganin sau huɗu a yini ba ya shiga tsakanin buɗa-baki da sahur.

Za a ji ɗaci ko ɗanɗanon ƙarfe a baki, da tashin zuciya, da ɗan sakin ciki, kuma bismuth yana baƙanta harshe da bahaya ba tare da wata illa ba. Waɗannan ba dalilin dainawa ba ne, kuma mafi yawan masu dainawa a kwana na biyar ko na shida suke yi, lokacin da zafin ya tafi, sai su bar ƙwayoyin da suka fi taurin kai su hayayyafa. Abin da ke sa a tsaya a koma wa likita nan take shi ne ido ya yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko ƙuraje su feso, ko fuska ta kumbura, ko gudawa mai tsanani ta kama. Giya haramtacciya ce ga mai shan metronidazole, balle mai ciwon hanta.

Bayan an gama da aƙalla mako huɗu, a sake gwajin bahaya ko na numfashi, ba na jini ba, tare da dakatar da mai rage asid na mako biyu kamar farko. Idan ƙwayar tana nan, ba a maimaita haɗin da ya gaza, wani ake canjawa.

Ga wanda aka riga aka ce hantarsa ta taurare, aikin ya koma hannun mutanen gida, domin su ne za su fara ganin alamun da shi ba zai gani ba. Bakteriyar hanji tana samar da amoniya, kuma idan hanta ta kasa tace ta sai ta kai ga ƙwaƙwalwa: mutum ya riƙa barci da rana yana ido biyu da dare, ya manta raka’ar da yake a salla, ya yi ta maimaita tambaya ɗaya, ko ya zama mai faɗa alhali da ba halinsa ba ne. Sau da yawa akan ɗauka iska ce ko tsufa. A sa shi ya miƙa hannuwansa gaba, ya ɗaga tafukan kamar mai tsayar da mota, ya ware yatsu. Idan suna faɗuwa suna tashi kamar fiffiken tsuntsu, a kai shi asibiti. Maganin da aka saba bayarwa shi ne lactulose, wani ruwa mai zaƙi da ake daidaita adadinsa har mutum ya riƙa yin bahaya mai laushi sau biyu ko uku a yini, kuma taurin bayan gida na kwana ɗaya ko biyu ya isa ya tayar da ruɗewar. Kada a hana shi wake da ƙwai da kifi don tsoron amoniya, domin ramewa ta fi yi masa illa, kuma ɗan abinci kafin kwanciya yana taimaka masa. Idan ciki ya tara ruwa, a rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kanwa a miyarsa, kuma ranar da zazzaɓi ko ciwon ciki ya haɗu da wannan ruwa, to alama ce bakteriya ta tsallaka daga hanji ta shiga cikinsa, ba a kwana da ita a gida. Irin wannan majinyaci ba ya shan ibuprofen ko diclofenac ko kaɗan, farasitamol kuma kada ya wuce giram 2 a yini, wato ƙwaya huɗu masu miligiram 500. Shi kansa omeprazole ba a zarcewa da shi wata da watanni sai da umarnin likita, saboda asid ɗin tumbi shinge ne da ke kashe ƙwayoyin cuta kafin su isa hanji. Hoton hanta kuma duk wata shida ake yi masa, domin a kama sankara tun tana ƙarama.

Saura kare sauran mutanen gida. Helicobacter pylori galibi tun yarinta ake ɗaukarta, ta hanyar yawu da gurɓataccen ruwa da hannun da ba a wanke da sabulu ba bayan an fito daga bayi, saboda haka a daina tauna wa jariri abinci ana ba shi a baki. Ciwon hanta na B ba a ɗaukarsa ta cin tuwo a kwano ɗaya. Ta jini da haihuwa da saduwa yake bi. Jaririn da ya kamu lokacin haihuwa, kusan tara cikin goma suna zama da bairos ɗin har girma, shi ya sa allurar rigakafin farko ake so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haihu, ba a jira sai bayan suna ba. A ranar sunan kuma a tabbatar askar wanzami sabuwa ce ko an dafa ta. Matar mai ɗauke da cutar ko mijinta da ’ya’yansu duk a gwada su, wanda ba shi da ita a yi masa allurai uku. Gyaɗa da masarar da suka sha danshi a rumbu suna yin fumfuna mai fitar da gubar aflatoxin, wadda ke ninka haɗarin sankarar hanta ga mai ɗauke da bairos na B, kuma suya ko dahuwa ba sa kashe ta. A shanya amfanin gona ya bushe ƙarau kafin a zuba a buhu, a ɗora buhunan a kan katako nesa da bango, sannan kafin a kai niƙa a baje gyaɗar a faifai a tsince duk wadda ta yamutse ko ta canja launi a zubar, kada a mayar da ita cikin ta ƙuli-ƙuli.