Darasi na 9: Kitsen da ya sauka a gidan da ba nasa ba

Iyayena da yayyena, yau darasinmu a kan kitse ne da ciwon suga, dan Allah ku bi ni a hankali, don abin ya ɗan saɓa da yadda muka saba ji, wai mai ƙiba ne kaɗai ke kamuwa, siriri kuma ya tsira.

Idan mutum ya ci abinci wani ɓangare na narkewa ya zama suga ya shiga jini. Toh akwai wata ƴar gaɓa a bayan tumbi, likitoci na ce mata fankiriyas, ita ke sako sinadarin insulin, wanda wasu masu bincike biyu, Banting da Best, suka ciro a 1921 a Toronto ta ƙasar Kanada. Aikinsa kamar na ɗan aike ne, ya je ya yi wa tsoka sallama ta buɗe ta karɓi suga, ya ce wa hanta ta dakata da zuba nata sugan a jini, kitse kuma ya zauna a rumbunsa ƙarƙashin fata. A 1936 wani likita a Landan, Harold Himsworth, ya nuna cewa akwai masu suga da ko an ba su insulin baya musu aiki sosai. Wato ɗan aiken ya zo yana ta sallama amma masu gida sun yi kunnen uwar shegu. Sai fankiriyas ta riƙa ƙaro insulin, shekara da shekaru tana wannan wahala mutum bai sani ba don ko an auna suga lafiya lau za a gani, sai randa ta gaji sannan ciwon ya fito fili.

Me ya toshe musu kunne? Nan ne ɗakin gwaje-gwaje ya yi mana rana. A Amurka an samar da ɓeraye waɗanda kusan babu kitse a jikinsu, kowa zai ce ai waɗannan sun fi ƙarfin suga, amma ina, suga mai tsanani ya kama su, da aka duba sai ga mai ya cika hantarsu da tsokarsu saboda babu rumbun da za a zuba shi. A 2000 aka fitar da sakamakon, an ɗebo kitsen lafiyayyun ɓeraye an dasa musu ƙarƙashin fata, sai sugansu ya sauka. Ku sake karanta wannan layin, kitse aka ƙara musu suka samu sauƙi! Wallahi wannan gwajin ne ya fi komai tsaya min a rai. Kunga kenan kitsen da ke rumbunsa ba shi ne babban mai laifi ba, wanda ya malalo ya shiga hanta da tsoka shi ke hana su jin sallamar insulin, kuma Gerald Shulman na jami'ar Yale ya daɗe yana nuna hakan a jikin mutane da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki. Girman rumbun kowa daban ne, shi ya sa wani siriri ne amma nasa ya riga ya cika.

Kuma man nan yana fita. A 2011 Farfesa Roy Taylor na Jami'ar Newcastle a Ingila ya sa mutum 11 masu suga a kan ɗan abinci mai kalori 600 kacal a rana (kalori ma'aunin ƙarfin abinci ne) na sati 8, cikin satin farko man hanta ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100, sugan safe ya dawo daidai. Amma dan Allah kar wanda ya gwada wannan a gida shi kaɗai, musamman mai shan magani ko allurar insulin, suga na iya faɗuwa ƙasa ya sume, su ɗin ma likitoci na tsaye a kansu. Wanda ya fi sauƙin bi shi ne binciken Amurka na 2002 a kan mutum sama da 3,000 da ke dab da kamuwa, an nemi su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu su kuma motsa jiki minti 150 a sati, yawanci tafiya da sauri, haɗarin kamuwa ya ragu da kashi 58 cikin 100. Tsokar da ke aiki tana jan suga ko insulin bai matsa mata ba.

Aikin gida: kowa ya samu igiya ya auna tsawonsa daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai, ya ninka ta biyu ta koma rabin tsawonsa, sannan ya zagaya cikinsa da ita ta ɗan saman cibiya, ban da shanye ciki. Idan bakin igiyar bai haɗu ba, ko kuma akwai baƙi-baƙi mai kauri a fatar wuya ko hammata wanda wanka baya fitarwa, a je asibiti da safe kafin a ci komai a auna suga. A rubuto lambar a littafi a zo da ita, tare da ma'aunin da aka rubuta a gefenta, don wata na'urar 126 ne iyakar da ake fara zargin ciwon suga, wata kuma 7.0, a darasi na gaba za mu koyi karanta su.