Idan Damuwa Ta Yi Yawa a Ingila: Yadda Ake Samun Mai Ba da Shawara ta Waya

A gida, idan rai ya ɓaci ko aure ya yi tsami, ba sai mutum ya nemi kowa ba. Gwaggo za ta lura, aminin maigida zai leƙo bayan isha'i, waliyyi zai kira zama. A Ingila babu mai lura. Ga aikin dare, ga kuɗin haya, ga hunturun da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba. Taimako akwai, yawancinsa kyauta ne ta waya ko ta bidiyo, amma sai ka buɗe baki ka nema.

Fara da yin rajista da likitan unguwa, wanda ake kira GP. Kyauta ne, kuma ba sharaɗi ba ne sai ka nuna takardar zama. Da ka samu GP, ƙofar NHS Talking Therapies ta buɗe maka (NHS ita ce hukumar lafiya ta gwamnati). Wannan shi ne tsarin gwamnati na magance damuwa, fargaba da ƙuncin rai ta hanyar tattaunawa, wanda kafin 2023 ake kira IAPT. Ba sai likita ya tura ka ba: ka shiga shafin NHS, ka sa sunan asibitin GP ɗinka, ka cike fom da kanka. Wannan tsarin Ingila ne. Scotland da Wales da Ireland ta Arewa kowa da nasa, can ka fara tambayar GP.

Bayan fom za a kira ka don tantancewa, hirar takan ɗauki rabin awa ko fiye. A nan mutanenmu suka fi yin asara tun ba a fara ba. Lambar NHS sau da yawa a ɓoye take fitowa, mu kuma mun saba ƙin ɗaukar ɓoyayyiyar lamba. Idan aka kira sau biyu ko uku ba a same ka ba, wurare da yawa rufe fayil suke yi, sai ka koma farko. Don haka ka rubuta a fom ɗin lokutan da kake samuwa, musamman idan aikinka na canjin lokaci ne, ka kuma faɗa ko ka yarda a bar maka saƙon murya. Idan kai da wani kuke amfani da wayar, ka ce kada a bari.

A hirar za a yi maka jerin tambayoyi biyu, PHQ-9 mai tambaya 9 kan ƙuncin rai, da GAD-7 mai tambaya 7 kan fargaba. Duka kan makonni biyun da suka wuce ne: barci, cin abinci, kasala, ganin kai ba a bakin komai ba, tunanin gara mutuwa. Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, kuma jimillar tana cikin abin da ake dubawa wajen zaɓa maka irin taimako. Bahaushe kuwa ko yana kwance a gadon asibiti aka tambaye shi, "da sauƙi, alhamdulillahi" zai ce. Wannan tarbiyya ce mai kyau, amma wanda ke ɗaya gefen wayar bai san ta ba. Abin da ka faɗa shi zai rubuta, makinka ya sauka, a turo maka ƙasidar karantawa a sallame ka. Gode wa Allah bai hana ka ce "kwana goma ke nan ba na wuce awa uku ina barci" ba. Kafin kiran ka zauna ka rubuta: yaushe abin ya fara, kwana nawa a mako, me ya hana ka yi. Idan a jiki kake jin sa, kamar bugun zuciya, nauyin kai ko zafin ƙirji, ka faɗa haka, ka kuma bari GP ya duba jininka, domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna kawo alamomi masu kama da damuwa.

Kana da haƙƙin neman tafinta kyauta. Kada ka sa ɗanka, kada ki sa maigida. Akwai maganar da ba za ta fito a gabansu ba. Hausawa ba su da yawa a garuruwan Ingila, don haka tsoron kada tafintan ya zama wanda kuke haɗuwa a masallacin Juma'a ko gidan suna tsoro ne mai dalili. Ka nemi tafinta ta waya, ka tambayi sunansa kafin a fara, idan ka san shi ka ce a canza. Mace na iya neman mace, a tafinta da a mai ba da shawarar.

Maganar sirri kuma, ga gaskiyarta. Ba a sanar da wurin aikinka, ko jami'arka, ko mijinki. Yawanci ana aika taƙaitaccen bayani ga GP. Ana fitar da magana ne idan ana tsoron za ka cutar da kanka ko wani, ko akwai yaro cikin haɗari, kuma za a gaya maka wannan tun a zaman farko. Uwar da ta ce ta gaji, tana kuka, tana neman taimako, ba a ɗauke mata 'ya'ya don haka. Jinyar NHS kuma ba ta cikin tallafin gwamnatin da aka haramta wa masu biza.

Abin da aka fi bayarwa shi ne CBT, wato koyon kama mugun tunani da sauya ɗabi'ar da ke ciyar da shi. Zama ɗaya a mako, da aikin gida tsakanin zama da zama. Wanda bai yi aikin ba da wuya ya ga canji. Burin NHS shi ne a fara ganin kashi 75 cikin ɗari a cikin mako 6, amma jira tsakanin tantancewa da ainihin zaman yakan fi haka tsawo. Kafin layi ya zo kanka, ɗalibi ya tambayi sashen kula da walwalar ɗalibai na jami'arsa, ma'aikaci kuma ya tambaya ko kamfaninsa na da EAP, layin shawara na sirri da yakan ba da 'yan zama kyauta.

Ka tanadi wurin da babu mai ji. A gidan haya na tarayya bango ba ya riƙe magana. Mota a fake ko ɗakin da aka tanada a laburare ya fi. Ka sa abin kunne, ka cika caji. Ka faɗa tun farko cewa sallah da addu'a suna cikin rayuwarka, kuma iyaye da dangin miji suna da ta cewa a aurenka. Ƙwararre zai yi aiki da wannan. Idan bayan zama uku ka ga ba ya fahimta, ka nemi a canza maka, ba laifi ba ne.

Don matsalar aure akwai ƙungiyar Relate, da ke ganin ma'aurata ta bidiyo ko ta waya, amma ana biya. Idan za ka biya mai zaman kansa, ka sani a Birtaniya kowa na iya kiran kansa mai ba da shawara, doka ba ta hana ba. Ka duba sunansa a rajistar BACP ko UKCP, ƙungiyoyin ƙwararrun masu ba da shawara, kafin ka tura ko fam ɗaya. Zama yawanci minti 50 ne. Ka tambayi kuɗin da kuma ƙa'idar soke zama. Wasu sun fi son ƙwararre daga Kano ko Yamai ta WhatsApp saboda harshe, kuma yana da amfani, sai dai ba shi da ikon turo maka agaji cikin dare, don haka kada ya maye gurbin GP.

Inda akwai duka, ko barazana, ko ƙwace fasfo da katin banki, zaman sulhu na mutum biyu bai dace ba, domin abin da kika faɗa a zaman shi za a rama a kanki bayan an kashe waya. Ki kira 0808 2000 247, layin ƙungiyar Refuge, dare da rana. Maza suna da nasu, Men's Advice Line, 0808 801 0327. Idan ana tsorata ki da cewa za a soke miki biza, ki faɗa musu. Doka ta yi tanadi ga wasu masu bizar aure da aka ci zarafinsu, za su haɗa ki da masanin dokar shige da fice.

Talking Therapies ba na gaggawa ba ne. Idan dare ya yi tsawo kana bukatar mai saurare yanzu, layin ƙungiyar Samaritans shi ne 116 123, kyauta, ba ya fitowa a takardar kuɗin waya. Wanda ba zai iya magana ba ya tura kalmar SHOUT ta saƙon tes zuwa 85258. Idan tunanin kashe kai ya matsa, ka kira 111 ka zaɓi ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan rai na cikin haɗari, 999. Idan ka kira 999 daga wayar hannu amma ba halin yin magana, ka saurari umarni ka danna 55, za a haɗa ka da 'yan sanda.