Yadda zaka zaɓi kafintan da zai gyara maka tsofaffin tagogin katako ba tare da ya lalata su ba

In gidanka na da tsofaffin tagogi na katako, irin waɗanda fenti ya ɓamɓare a jikinsu, wata ta ƙi buɗuwa wata kuma in an buɗe ta sai an yi kokawa kafin ta rufu, to akwai yiwuwar mutum na farko da zaka kira ya duba ya ce maka ai waɗannan sun gama aiki, a cire kawai a sa na alminiyam ko na roba. Don Allah kar ka yi saurin yarda. Yawancin tagogin da, an yi su ne da zuciyar itatuwan da suka girma a hankali, katako ne mai tauri da nauyi wanda yanzu samun irinsa sai an sha wahala, kuma an haɗa su ne ta yadda za a iya kwance su a canja ɓangaren da ya mutu a mayar. Sau da yawa abin da ya lalace bai wuce ƙasan tagar ba, sauran jikin lafiyarsa ƙalau. Wahalar dai ita ce samun hannun da ya iya, don wanda bai iya ba a yini ɗaya zai ɓata abin da ya shekara hamsin ko ɗari yana tsaye.

Kafin ma ka nemi kowa, fara duba tagogin da kanka. Ɗauki sukundireba ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana danna bakinta a jikin katakon, musamman katakon ƙasa da ruwa ke kwanciya a kai, da kusurwoyin ƙasa guda biyu inda na tsaye ya haɗu da na kwance, nan ne ruɓewa ta fi farawa. In katakon na da rai zaka ji ya turje, in ya ruɓe kuwa ƙarfen zai nutse ba wani ƙoƙari, wani lokacin ma fentin ne kaɗai ke riƙe da shi. Ka ƙwanƙwasa ka saurara, in ka ji ƙarar fanko to wataƙila gara ko ruɓewa ta ci cikinsa, in kuma ka ga ƙananan huda da garin katako na zubowa to ƙwaro ne. Ka ba kowace taga lamba, ka ɗauki hotonta ciki da waje da waya, ka rubuta abin da ka gani. Wannan ɗan aikin shi zai sa in mutum ya zo yana maka bayani ka gane ko ya duba da gaske ko kuwa baki kawai yake.

Sai neman mutum. Ba kowane kafinta ne na wannan aikin ba fa, mai yin kujeru da gado daban, mai rufin gida daban, mai ƙera sabuwar taga ma daban yake da mai farfaɗo da tsohuwa. Gyaran tsohon abu yana son haƙuri ne da tausayin katako. Ka tambayi masu tsofaffin gidaje da ka ga tagoginsu a tsaye tsaf, ka tambayi masu kula da tsofaffin gine-gine, da masu sayar da katako da masu yankan gilashi, su sun san waye ke zuwa yana neman busasshen katako mai kyau waye kuma ke kwasar duk abin da ya fi araha. Ka samu aƙalla mutum uku.

Hotunan da zai nuna maka a waya ba su isa ba, kowace taga kyau take yi ranar da aka gama mata fenti. Ka ce ya kai ka ko ya kwatanta maka inda ya yi aiki shekara uku ko biyar da suka wuce, gani ya kori ji. In ka je ka buɗe tagar ka rufe, ka leƙa ƙasanta, ka duba ko fentin ya tsage daidai inda aka yi haɗi, ka tambayi mai gidan ko da matsala ta taso ya kira shi ya dawo. Wanda ya amince da aikinsa murna zai yi da wannan buƙatar, wanda ya fara kame-kame kuwa ka riga ka samu amsarka.

Ranar da ya zo dubawa ka yi shiru tukuna ka zuba masa ido. Gwani zai buɗe kowace taga, zai taɓa, zai soka ƙarfe, zai fita waje ya ɗaga kai ya kalli saman tagar da indararo da bangon da ke kewaye, don tambayar farko a wurinsa ita ce daga ina ruwan yake shiga. Katako ba ya ruɓewa haka kawai saboda tsufa, danshi ne ke kawo ruɓewa, in danshin cikinsa ya haura wajen kashi 20 cikin ɗari ya daɗe a haka shine ruɓewa ke samun wurin zama. Wasu ma suna yawo da ɗan na'urar auna danshi mai tsinke biyu da ake sokawa a katako. In aka gyara tagar ba a toshe hanyar ruwan ba to bayan 'yan shekaru nan za a dawo. Akwai wani ɗan siririn rami da ake yankawa a ƙarƙashin katakon ƙasa daga waje, aikinsa ya sa ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya gangara ya koma jikin bango, sau da yawa fenti kan fenti ya cike shi, in ka ga mutum ya sa yatsa yana lalubensa to wannan ya san abin da yake yi. Wanda kuma ya tsaya daga bakin ƙofa ya ƙirga tagogi ya yanke maka kuɗi, ka gode masa ka sallame shi.

Daga nan sai ka nuna masa wuri ɗaya da ya ruɓe ka ce, Malam wannan ya za ka yi da shi? Amsar da kake son ji ita ce zai yanke ruɓaɓɓen har sai ya kai katako mai rai, ya yi yankan a karkace ba a miƙe ba don haɗin ya samu faɗin kamawa kuma ruwa ya zame waje, sannan ya sassaƙa sabon katako ya dasa a gurbin. Kuma sabon ya zama irin na tsohon ko makusancinsa, jijiyarsa, wato layukan da ke jikin katakon, ta bi hanya ɗaya da ta tsohon, ya kuma bushe sosai, don in aka sa ɗanye zai tsuke daga baya haɗin ya buɗe baki. Ka tambaye shi a ina yake samun katakonsa, ya yake gane ya bushe. In ramin ƙarami ne akwai ifoksi, wato wani irin gam mai tauri, na musamman da aka yi don katako, ba laifi a yi amfani da shi. Amma in ya ce zai cike da fotin gyaran mota ko siminti ya shafe da fenti, wallahi kar ka ba shi, wannan kwaskwarima ce, katako yana kumbura yana tsukewa da yanayi su kuma waɗannan ba sa motsi tare da shi, sai su rabu ruwa ya shige bayansu ya ci gaba da ci a ɓoye. Haka in kusurwa ta saki, tsofaffin tagogi da harshe da rami ake haɗa su, wato bakin katako ɗaya ya shige cikin ɗayan, gyaransa shine a kwance a share a sake haɗawa da gam mai jure ruwa, ba a dinga narka masa ƙusoshi masu tsatsa ba.

Maganar fenti kuwa ina so a tsaya a kanta da kyau don ta shafi lafiyar iyali. Tsohon fenti sau da yawa akwai dalma a cikinsa, a Amurka sai a 1978 aka hana sayar da irinsa don gidaje, wasu ƙasashen kuma sun daɗe bayan nan ana sayarwa. Taga ita ce ma ta fi haɗari saboda kullum tana gogar firam tana fitar da ƙura. Gubar dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara, tana cutar da mai ciki da abin da ke cikinta, kuma ba a ganinta ba a jin warinta. Don haka ka tambaye shi ƙarara, ya zaka cire fentin? In ya ce zai ƙona da wuta ko ya bi da injin samfefa a bushe cikin ɗaki, a'a. Wuta tana tayar da hayaƙin dalma, tana fasa gilashi, tana iya barin garwashi a cikin firam. Mai hankali zai gwada fentin tukuna, akwai ɗan abin gwaji da ake sayarwa don haka, zai jiƙa wurin kafin ya kankare, ya shimfiɗa leda, ya sa takunkumi na gaske, ya kwashe dattin a ƙulle, in da hali ma ya cire tagar ya tafi da ita shagonsa. Yara da masu ciki su yi nesa da wurin har a gama a goge da ruwa.

Gilashin ma ka tambaya. In ka tsaya a gefe ka ga hoton waje yana ɗan lanƙwasa kamar ruwa, ko ka ga ƙananan kumfa a ciki, to tsohon gilashi ne irin na kafin kamfanin Pilkington na Ingila ya fito da hanyar yin gilashi sumul a 1959, siriri ne kuma in ya fashe maye gurbinsa da irinsa ba sauƙi. Gwani zai tausasa tsohon fotin da ke riƙe da shi a hankali, ya sa wa kowane gilashi lamba ya ajiye. Wajen mayarwa, fotin gargajiya da ake kwaɓawa da wani man tsiro mai suna linsid yana ɗaukar makonni kafin fuskarsa ta yi taurin da za a yi fenti, saboda haka wanda ya ce yau zai sa gobe ya fente ka tambaye shi da me zai yi. Silikon na yau da kullum fenti ba ya kama shi. Kuma fentin ya kamata ya ɗan hau kan gilashin da kamar milimita 1 ko 2 don ya rufe bakin da ruwa ke bi. In tagarka irin mai zamewa sama da ƙasa ce mai igiya da ƙarfen nauyi a ɓoye cikin firam, ka tabbata ya san cewa in aka canja gilashi da mai kauri dole a sake daidaita nauyin, in ba haka ba tagar ba zata tsaya a buɗe ba.

Wani abu kuma, in gidan yana cikin gine-ginen tarihi da hukuma ta yi wa rajista, a ƙasashe irin su Ingila canja tagoginsa ba izini laifi ne, ka bincika dokar inda kake kafin a taɓa komai.

To yanzu kuɗi. Kowa ya rubuto maka a takarda, taga bayan taga bisa lambobin da ka sa, me za a yanke, me za a canja, wane irin katako, fenti shafi nawa, ƙarafa da sakata na da za a gyara su a mayar ko za a sa sabbi. In mutum ya rubuta "gyaran tagogi" ya sa jimla a ƙasa ba ka da abin kama shi gobe. Ka sa a rubuta me za a yi in an kankare fenti aka ga ɓarnar ta fi yadda aka zata, don hakan na faruwa sosai, ƙa'idar ita ce ya tsaya ya kira ka ka gani da idonka ku daidaita kafin ya ci gaba. Ka tambaya waye zai yi aikin da hannunsa, shi ne ko yaransa, in yaran ne shi zai dinga tsayawa a kansu? In za a tafi da tagogin shago da me za a rufe gurbin, kwana nawa? In ɗaya daga cikin ukun kuɗinsa ya faɗi ƙasa sosai ka duba me ya tsallake, araha ba ta ado, galibi cire fenti da jiran bushewa ne ake yankewa. Kafin alƙalami ka bayar daidai na sayen kaya, sauran a biya kashi-kashi yadda aiki ke tafiya, ka riƙe wani abu sai an gama, ka kuma karɓi rasit.

Ni shawarata ko ka gamsu da mutum kar ka miƙa masa duka gidan lokaci ɗaya. Ba shi taga ɗaya, wadda ba ta gaban gida ba amma tana da ɓarna ta gaske, ka biya shi haƙƙinsa cikakke a kanta. Sannan ka je ka gani ana tsakiyar aiki, kafin fenti ya hau, don fenti yana rufe komai. Ka shafa inda aka yi dashen da tafin hannu, bai kamata ka ji tudu ko rami ba, layin haɗin ya zama siriri kamar zare ba cike da foti ba. Ka duba ko ya shafa fentin farko a bakin katakon da aka yanke da ƙarƙashin tagar da ba a gani, don ta nan katako ya fi shan ruwa kuma nan ne mai ha'inci ke tsallakewa. Ka lura da yadda ya bar wurin da yamma, da ko yana ɗaga waya in ka kira.

In an mayar da tagar ka buɗe ka rufe sau da yawa, ya kamata ta tafi da hannu ɗaya ba dukan kafaɗa, sakata ta shiga ba tare da an danna ba, kuma kar fenti ya manne ta da firam. Ka rufe ta a kan takarda ka ja, in takardar ta zare ba turjiya to akwai kafar iska a nan, a gyara. Ka sa wani ya watsa ruwa daga waje kai kana ciki kana kallon kusurwoyin ƙasa. In duk wannan ya yi sai ka ba shi sauran, kuma kafin ka biya cikon kuɗin ƙarshe ka sa ya rubuta maka sunan fentin da katakon da ya yi amfani da su, da tsawon lokacin da ya yarda zai dawo ya gyara kyauta in haɗi ya buɗe ko foti ya tsage.