Yadda Baƙar Fata Zai Shiga Harkar Tara Katunan 'Yan Wasa a Amurka Ba Tare da An Ƙware Shi Ba

Duk wanda ya taɓa leƙa zauren baje kolin katunan 'yan wasa a Amurka, musamman babban taron ƙasa da ake yi kusan duk shekara tun 1980, zai lura cewa fuskokin da ke kan katunan da yawa na baƙaƙen fata ne, amma masu zama a bayan tebura suna yanke farashi yawancinsu fararen fata ne, maza, waɗanda suka kwana biyu a duniya. Wannan bayani na wanda yake sha'awar shiga harkar ne alhali bai ga mai kama da shi a cikinta ba, kuma abin da nake so ya riƙe shi ne cewa ilimin kaya shi ne garkuwarsa ta farko.

Kada ka taka ƙafarka cikin zauren sai ka san kuɗin katin da kake nema. A shekarar 2004 masanin tattalin arziki John List ya wallafa binciken da ya yi a wuraren baje kolin katuna, inda ya tura mutane daban-daban su sayi ko su sayar da kati iri ɗaya, na ɗan wasan besbol Ken Griffey Jr. wanda kamfanin Upper Deck ya buga a 1989. Ya gano cewa mata, da tsofaffi, da waɗanda ba fararen fata ba, ana yi musu tayi mafi muni fiye da wanda ake yi wa samari fararen fata. Fassarar da ya yi wa sakamakon ita ce dillalan suna yin hasashen abin da mutum zai yarda da shi daga ganin fuskarsa kawai. A ganina wannan bai wanke su ba, domin ƙwara ƙwara ce ko da wane suna aka kira ta, amma ya nuna maka inda maganin yake. Ka buɗe eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, a wayarka, ka duba kuɗin da aka riga aka sayar da katin a makonnin baya, ba kuɗin da masu kaya suke nema ba, domin kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama a kan hajarsa. Idan ka isa teburin, ka ambaci shekarar katin, da kamfanin da ya buga shi, da lambarsa, da farashin ciniki uku na ƙarshe, cikin natsuwa da sakin fuska. Dillalin da ya ji haka ya san ba baƙo ne a gabansa ba. Idan ya ƙi saukowa, ka yi masa godiya ka wuce, tunda tebura suna da yawa.

Sayarwa ta intanet tana da nata tarkon. Wasu masana uku, Ian Ayres da Mahzarin Banaji da Christine Jolls, sun yi gwanjon katunan besbol a eBay, wasu an ɗauki hotonsu a hannun baƙin mutum, wasu a hannun farar fata. A rahoton da suka fitar a 2015, katunan da ke hannun baƙin mutum an saye su da ragin kusan kashi 20 cikin 100. Wannan magana tana da ciwo, kuma ba zan ce wa kowa ya ɓoye fatarsa don ya faranta wa mai son zuciya rai ba. Abin da zan ce shi ne, ɗora kati a kan shimfiɗa mai launi ɗaya, ko shigar da shi na'urar ɗaukar hoton takarda, shi ne daidai ga kowane mai sayarwa, domin yana fito da kusurwoyi huɗu da gefuna sarai, kuma yana hana maiƙon yatsa taɓa fuskar katin. Ka ɗauki gaba da baya, ka faɗi kowane aibi da bakinka kafin mai saye ya gano shi.

Sai kuma koyon duba kati. Ka sayi ƙaramin madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, ka riƙe katin ta gefuna, ka karkata shi a ƙarƙashin fitila. A nan ne ƙaramar lanƙwasa da ido bai gani ba take bayyana kamar zare, a nan ne za ka ga ko kusurwa ta fara yin fari, ko hoton ya karkata gefe guda ya bar farin layin dama ya fi na hagu faɗi. Kamfanoni irin su PSA da SGC da Beckett suna duba waɗannan abubuwa, su ba kati maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin roba mai tauri da lambar shaida. Ga sabon shiga, katin da aka riga aka tantance ya fi aminci, saboda makin da ke jikinsa ba ya canjawa ko wane ne ya riƙe shi. Ka shigar da lambar shaidar a shafin kamfanin kafin ka biya, domin jabu ya yi yawa, musamman a katin ɗan wasan ƙwallon kwando Michael Jordan na kamfanin Fleer na 1986.

Game da abin da za ka tara, shawarata ita ce ka zaɓi labari guda ka bi shi, maimakon ka bi duk abin da ake yayi. Tarihin baƙaƙen 'yan wasa fage ne mai faɗi, kuma katunan da kansu shaida ne a kansa. Jackie Robinson ya karya shingen wariyar launin fata a babbar gasar besbol ta Amurka ranar 15 ga Afrilu, 1947, tare da ƙungiyar Brooklyn Dodgers, kuma a jerin katunan kamfanin Topps na 1952 katinsa ne mai lamba 312, yana bin na Mickey Mantle mai lamba 311, wanda aka sayar da kwafi ɗaya nasa a kan dala miliyan 12.6 a 2022. Larry Doby da Satchel Paige, baƙaƙen 'yan wasan da suka biyo bayansa a gasar, suna cikin jerin kamfanin Bowman na 1949. Roberto Clemente, ɗan Puerto Rico, ya daɗe yana ganin an rubuta masa "Bob" a katunansa, sunan da bai so ba. Waɗanda suka buga wasa a gasannin baƙaƙen fata kafin 1947 kuwa, kamfanonin Amurka sun yi biris da su, shi ya sa katunan Oscar Charleston na zamaninsa sai a Kuba aka buga su wajen 1923, sanannen katin Josh Gibson kuma ya fito ne a Puerto Rico wajen 1950, bayan rasuwarsa. Sai a Disamban 2020 hukumar babbar gasar ta amince cewa gasanni bakwai na baƙaƙen fata, daga 1920 zuwa 1948, manyan gasanni ne.

Waɗannan katuna suna da tsada, amma ba dole ne ka fara da su ba. Katin da ya sha jiki, mai maki 1 ko 2, yana ɗauke da tarihi iri ɗaya da mai sheƙi. Ɗan Najeriya zai iya farawa da Hakeem Olajuwon, ɗan wasan ƙwallon kwando haifaffen Legas, wanda yake cikin jerin Fleer na 1986 tare da Jordan, da sunansa a rubuce "Akeem" kamar yadda ake rubuta shi a lokacin, ko da hotunan mannawa na Panini na gasar cin kofin duniya ta 1994, shekarar da Najeriya ta fara zuwa gasar.

Akwai nauyi kuma a kan dillalai da masu shirya taro. Mafi sauƙin gyara shi ne manna farashi a jikin kowane kati, domin idan kuɗin yana rubuce, babu damar a kalli fuska kafin a faɗe shi. Sannan a riƙa kai ƙananan tarukan musayar katuna makarantu da ɗakunan karatu na unguwannin da babu shagon kati, a rage kuɗin hayar tebur ga sababbin masu sayarwa, a ajiye kwali guda na katuna masu araha inda yaro zai zauna ya tona ba tare da ana binsa da ido kamar ɓarawo ba. Kai ma idan ka fara gane hanya, ka riƙa tafiya da ɗanka ko 'yarka ko ƙanenka, ka ba shi madubin ya duba kusurwa da kansa, ka bar shi ya yi tayin farko.