Yadda zaka canza kan mashin ɗin doguwar tafiya

In kana hawan babban mashin kayi tafiya kamar Kano zuwa Abuja ko Maiduguri, ka sauka kafaɗa na ciwo, yatsu sun yi sanyi kamar ba naka ba, toh sau da yawa kan mashin ne, wato ƙarfen da kake riƙewa kana tuƙi, bai dace da jikinka ba. Amma dan Allah kar ka ruga siyen sabo. Ka fara sassauta notikan da suka riƙe shi ka juyo shi baya kaɗan wajen ƙirjinka ka ɗaure, ka ɗan yi tafiya ka ji, wani iya wannan ma ya ishe shi.

In bai yi ba sai awo. Ka sa mashin a tsaye sambal, ka zauna yadda kake zama in tafiya tayi nisa ba zaman gayu ba, ka rufe ido ka miƙa hannuwa inda suka fi sakewa, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, wani ya auna maka tazarar da ke tsakanin nan da inda robar hannu take yanzu. Abu 3 kake nema: faɗi, tashi sama, da yadda ya karkato baya. Na ƙarshen nan shi mutane suka fi mantawa kuma shine ke kashe wuyan hannu. Dogon kai irin wanda wasu masu Harley-Davidson ke sawa a Amurka hannu ya wuce kafaɗa, ni dai ban ga amfaninsa a doguwar hanya ba sai burga.

Sai kauri. Yawancin mashinan Japan da Indiya 22mm ne, Harley galibi inci 1 ne wato 25.4mm, irinsu Honda Africa Twin kuma tsakiyar 28mm ce sai bakin ya tsuke ya koma 22mm. Ka siyo wanda bai dace da maɗaurin ba, ba zai zauna ba. In tashi kawai kake so akwai ɗan ƙarfen da ake sawa a ƙarƙashin kan ya ɗaga shi 20 zuwa 30mm, yafi arha kuma galibi wayoyin asali suna kaiwa.

Wayoyin nan kuwa sune ainihin aikin, wayar kuloci, ta totur, tiyon man birki da wayoyin lantarki, dukkansu an yanka su daidai da tsohon kai ne. Kafin ka biya kuɗi ka kwance kan ka ɗaga shi zuwa inda kake so ya koma, ka juya hagu da dama har ƙarshe, duk wadda ta miƙe tsam sai an canza ta da doguwa, kar bakanike ya ce maka "oga zata saki da kanta", tiyon birki baya saki.

Ranar aiki ka ɗauki hoton komai da waya, ka rufe tanki da bargo saboda man birki yana cin fenti. Cire madubi, ƙarfen bakin kai, robar hannu, makunnai, sai birki da kuloci, tukunyar man birki a ɗaure ta a tsaye kar iska ta shiga. Totur ka zura shi a sabon kai tun kafin ka ɗaure kan, in ba haka ba wayar ba zata kai ka zura ba. Makunnai suna da ɗan haƙori a ciki mai shiga rami, sabon kai yawanci babu ramin, ka auna ka huda, kar ka fasa haƙorin don in ka fasa duk murza totur sai gidan makunnan ya juya. Notikan tsakiya a ɗaure su kaɗan-kaɗan bi da bi gwargwadon abinda littafin mashin ya ce. Maɗaurin birki in da kibiya a jiki ta kalli sama, a fara ɗaure notin sama.

Kafin ka hau titi ka tada inji ka barshi a silo, ka juya kai ƙarshe zuwa ƙarshe, in ƙara ta ƙaru wayar totur na ja, a gyara. Ka saki totur ya koma da kansa, ka duba kan baya bugun tanki, ka matsa birki ka ji da tauri, sannan bayan tafiyar farko a sake bin notikan.